Sifikar da Na Zaɓa wa Haliru

Duk ranar kasuwar Kalgo sai na ga irinku a bakin shagona. Ku zo ku uku ko huɗu, ɗaya ne zai yi tafiya, sauran 'yan rakiya da ba da shawara. Ku ɗauki 'yar sifika, ku haɗa ta da waya, ku murɗe ta har ƙarshe. In ta girgiza kwalaben da ke kan teburina sai ku dubi juna ku ce, "Wagga ta yi!" Idan na ce ku dakata mu shiga ciki mu rufe ƙofa, sai ku kwashe da dariya, wai tsoho zai mayar da sayen sifika kamar neman aure. To ga benci nan, ku zauna. Na haura shekara arba'in a wannan sana'a, kuma akwai ranar da ni ma na zaɓa wa matafiyi sifika irin yadda kuke zaɓa. Mutumin ya bar ƙasar nan da muryar mahaifiyarsa a aljihu, abu ɗaya kawai ya roƙe ni, ya riƙa jin ta sosai a can. Har yau abin bai sake ni ba.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Malam Dikko a Gwandu shi ne hura gawayi. Wutar lantarki a lokacin sai ta ga dama, don haka a kasko muke gasa ƙarfen liƙi, in ya yi zafi a goge bakinsa a taɓa dalma. Na yi wata shida ina fifita da share ƙura kafin ya bar ni na kwance bayan rediyo. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: sukurdireba uku, filaya, tsohon burushin haƙori, gam, da wata mita mai allura wadda bai taɓa yarda da ita ba. Yakan ce, "Mita tana gaya maka wuta ta wuce. Ba ta gaya maka ko mutum ya ji abin da anka ce mai."

Abin da ya yarda da shi wani ɗan akwatin katako ne da ke ƙarshen tebur. Sifikar wata matacciyar rediyo ce a ciki, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, takardarta ma ta taɓa yagewa ya liƙe ta. Alƙali yake kiranta. Duk abin da aka gyara sai an ja waya an kai shi gabanta. Ba ta da ƙara, ba ta da ƙugi, amma idan mutum ya yi magana ta cikinta har haɗiyar yawunsa sai ka ji.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga waya ba ku san kaset ɗin saƙo ba. Wanda ɗansa yake Makka ko Sudan ko Kumasi, kuma ba ya rubutu, wurinmu yake zuwa ranar kasuwa. Mu zaunar da shi a ƙuryar shago, mu danna jan maɓalli, ya faɗi abin da ke ransa, a ba wani matafiyi kaset ya kai. Ina tuna wani dattijo daga Malisa da ya cinye gefe guda na kaset yana gaisuwa. Ya gaida ɗansa, ya gaida mai gidan da ɗan yake haya, ya isar da gaisuwar liman da ta mai unguwa, ya faɗi tunkiyar da ta haihu da wadda ta ɓata. Sai da kaset ya yi ƙarar tsayawa sannan ya leƙo ya ce, "Yaro, juya shi, yanzu za ni soma magana." Ina kewar waɗannan ranakun ƙwarai. Shagon nan kullum cike yake da muryoyin mutanen da ke son wani a nesa.

A wannan aikin Malam Dikko ya koya mini abin da ku kuke wa dariya. In ka danna maɓalli ka fita waje, saƙon uba da ɗansa ba naka ba ne. Amma kafin mutum ya tafi, dole a gwada abin da zai saurara da shi, kuma ba a bakin hanya ba. A shiga ɗaki, a rufe ƙofa, a rage murya har ƙasa, a sa maganar tsohuwa. "Kiɗa kowane gwangwani na iya hitar da shi," in ji shi. "Tsohuwa in tana magana ƙasa-ƙasa, nan ake gane sifika." Ranar da na gwada wata rikoda da kiɗan kalangu a ƙofar shago don 'yan mata su waiwayo, bai zage ni ba. Ya mayar da ni kan gawayi har sati biyu.

Muguwar shekararmu ta zo bayan rasuwarsa. Ƙananan rediyoyi masu arha suka cika kasuwa, sabuwa ta fi gyaran tsohuwa sauƙi, in ta mutu a jefa wa yara su yi mota da ita. Waya kuma ta kashe kaset ɗin saƙo a damina ɗaya. Nakan buɗe shago da safe in zauna har azahar, ba wanda zai leƙo sai masu tambayar ko ina cajin waya. Na rufe, na koma noman shinkafa a fadama da hannuwan da ba su saba da fartanya ba. Na rabar da gawar rediyoyi sama da abin da amalanke zai ɗauka. Alƙali kaɗai na naɗe a tsumma na sa ƙarƙashin gado, maiɗakina tana mita wai ina ajiye gidan kyankyaso.

Da jami'a ta zo Kalgo sai na biyo ɗalibai. Na kama wannan shagon, na koyi saka karatu da wa'azi a memori, na fara sayar da caja da waɗannan sifikoki na bulutut. Abinci ya dawo. Sai dai na tashi daga mai gyara na koma mai sayarwa, kuma kunnen mai sayarwa yana bin abin da mai saye ke so. Ku kuna son bes, mai dukan ƙirji. Ni ma na fara yaba shi.

Tun a lokacin na san wasu abubuwa game da sifikar tafiya, kuma har yanzu ina faɗa wa kowa. Ta shiga jakar hannu, domin ba ko'ina ake barin abu mai batir a cikin babban akwati ba. Bakin cajinta ya zama irin na wayarka, kada ka je can kana yawon neman igiya. A ƙasar sanyi batir yana saurin zubewa, saboda haka duk awannin da aka rubuta a kwali ka raba su biyu. Ta kasance da ramin memori. Kuma don Allah ku guji mai muryar matar nan a ciki, wadda da ka kunna za ta kwarma ihu da Turanci ta sanar da unguwa duka. Duk wannan na sani. Abin da na manta shi ne ɗakin da za a saurara a ciki.

Haliru ya zo mini ana saura kwana goma ya tashi. Ɗan Dangoma ne, malami a jami'a, ya samu tafiya ƙaro karatu wata ƙasar sanyi na shekara huɗu. Dogo ne, ba shi da yawan magana. Ya jira har masu caji suka watse sannan ya matso.

"Baba Sahabi, an ce da can kuna ɗaukar magana ga kaset."

Na ce an yi haka.

"Ina son a ɗaukar min muryar Inna. Ka san ni ne ɗan fari."

Bai buƙaci ya ƙara ba. A gidajen Fulanin nan namu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Wurin kakarsa Haliru ya tashi, a gida ɗaya da uwar, amma kamar maƙwabta. In ya kira ta a waya, "Lahiya? Lahiya lau. To madalla," sai ta miƙa wa ƙanwarsa. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin naku na Kalgo". Ya ce mini, yana kallon ƙasa, shekara huɗu da yawa, kuma ta tsufa, yana so ko faɗa ne ta yi masa ya tafi da shi.

Na hau mashin na je Dangoma da 'yar rikoda mai memori. Na iske ta tana gyaran ƙwarya, 'yar siririya, muryarta kamar ba ta son ta dami iska. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta ja mayafi ta ce, "Mi za ni ce mai? Ba babba ba ne?" Na ce, "Goggo, ba da shi za ki yi magana ba, da akwati za ki yi. Awa irin kaset ɗin da ake aika wa mutanen Makka." Sai ta ce ta tuna, ƙanen mijinta ya sha aiko musu da irinsa. Na ajiye rikodar a kan tabarma kusa da ƙofar bukkarta, na danna, na fita na zauna gindin wata bishiya nesa da gidan. Iska tana kaɗawa sosai ranar, hadari yana haɗuwa ta gabas. Da ta aiko a kira ni na kashe, na saurari farkon kawai don in tabbatar ya ɗauka, na juye a memori.

Ranar da ya zo zaɓen sifika ta faɗo ranar kasuwa. Shago cike, janareton maƙwabcina yana ruri, masu mashin suna ta oda. Haliru ya ɗauki wata 'yar ƙarama marar ado, ya kara a kunne. Abokansa biyu da suka rako shi suka hau yi masa tsiya, wai zai je Turai da abin da ko akuya ba za ta firgita ba. Ni kuma na zaro wata baƙa mai nauyi, sabuwar shigowa, na ɗora a tebur a waje, na sa kiɗa na murɗe. Mutane suka waiwayo daga tsallaken titi. Na sa memorin Inna na daƙiƙa kaɗan, sallamarta ta fito da ƙarfi har ta rufe janareto. Na ce, "Ka ji? Ko cikin jirgi kake sai ka ji ta." Ya ce, "In kai ka ce ta yi, Baba, ta yi." Alƙali, wadda na daɗe da dawowa da ita shago, tana ciki a kan kantar kaya, taku huɗu daga inda muke tsaye, ban ko tuna da ita ba.

Mu nan a tsakar gida muke rayuwa. Sauti yana tashi ya bi sama, in bai da ƙarfi iska ta tafi da shi, shi ya sa kunnenmu ya saba auna sifika da ƙara. Ban taɓa kwana a ɗakin da aka rufe ruf, bangonsa kamar kwali, wani baƙo yana kwance a bayansa ba. Bayan wata biyu Haliru ya kira ni. Ya ce ranar farko da ya kunna, maƙwabcinsa ya buga bango. Rana ta biyu ya iske takarda a ƙarƙashin ƙofa. Yanzu sai ya rage ta har ƙasa, kuma a ƙasan nan muryar Inna tana nutsewa, ƙugi ne yake tasowa. Yana dai tsintar abin da ta ce: ya riƙe salla, ya kula da abin da zai ci, kada ya yi faɗa da mutanen gari. "Amma daga nan sai wani gurnani, Baba, ya fi minti uku. Ko memorin ya lalace?"

Ina cikin ba wani canji na amsa masa. Na ce, "Iska ce. Ranar hadari anka yi ɗaukar, ta gama magana ta bar abin a kunne. In ka kai nan ka kashe." Ban saurara ba, ban tambaya ba, na yanke hukunci daga nan Kalgo. Shi kuma ya yarda da ni, don ni ne mai sana'a.

A shekararsa ta uku a can Inna ta rasu, cikin damina, bayan zazzaɓin kwana biyar. Bai samu jana'iza ba. Na je Dangoma na yi gaisuwa, na dawo na ci gaba da sayar da caja.

Sai bayan kaka ya iso. Ya shigo shagon nan bayan la'asar, ya rame, ya ajiye baƙar sifikar a kan tebur. Batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfi. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya ce in duba ko za ta tashi, don ita ya saba ji da ita. Na ce sai na nemo batir daga Birnin Kebbi, amma bari in tabbatar memorin bai taɓu ba. Sifikokin sayarwa duk suna cikin kwali ba caji. Haka kawai, don babu wata a kusa, na sauko da Alƙali, na busa ƙurarta, na ja mata waya daga 'yar rikodata, na sa memorin. Hayaniyar titi ta yi yawa, na tashi na rufe ƙofa.

Sallamar Inna ta fito kamar tana zaune a kan tabarmar nan. Haliru ya ɗago kai da sauri. Har ƙarar awarwaronta ana ji in ta motsa hannu. Ta yi maganar salla, ta yi ta abinci, ta yi ta zama lafiya da mutane, yana motsa baki tare da ita don ya haddace. Sannan iskar ta taso. Ya miƙa hannu zai kashe, kamar yadda na koya masa.

Na riƙe hannunsa. A Alƙali iskar ba gurnani ba ce, iska ce kawai, kuma a ƙarƙashinta akwai mutum yana numfashi. Na ƙara murya kaɗan.

"Halan abin ga ya ƙare?" in ji ta, a hankali, kamar mai tambayar kanta. Ta jira. Da ba wanda ya amsa, sai ta ci gaba da wata murya da ba ta kai rabin ta farko ba. Ta ce ranar da aka haife shi ruwa aka kwana ana yi, kuma da gari ya waye kakarsa ta ɗauke shi, ita ko kallonsa ba ta yi ba don mutane na nan. Ta ce duk safiyar da zai tafi makarantar firamare tana tsaye bayan zana tana leƙensa ta wata 'yar kafa har ya sha kwana, shekara shida, ba wanda ya sani. Ta ce nonon da yake iskewa a ƙwarya a ɗakin kakarsa, mai kauri, ba kakar ke ajiyewa ba. Sai ta yi shiru har na ɗauka ta gama.

"Haliru," ta ce. Ta sake faɗa, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. "Haliru. Ɓingel am, ɗana. In an ba ku hutu, kak ka tsaya jiran ƙarewa. Ka zo ka iske ni."

Daga nan sai takuna ina dawowa, da muryata ina cewa, "Goggo, an gama?"

Ban iya duban fuskarsa ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina gaban Malam Dikko. Minti ukun nan suna jakarsa shekara uku, a ɗakinsa, kusa da matashinsa, ni na zaɓa masa abin da ya binne su, ni kuma na ce ya riƙa kashewa. Can ya yi magana, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi.

"An ba mu hutu shekara ta biyu, Baba. Wata biyu. Nic ce ko na zo gaisuwa ɗai za mu yi ta miƙa ma ƙanwata ni. Sai niz zauna."

Na ce, "Laifina ne, Haliru. Ban gwada maka yadda anka koya min ba." Ya girgiza kai kawai.

Shi ya sa nake rufe muku ƙofa. Shi ya sa nake sa ku rage murya har sai kun matso da kunne, in sa muku maganar tsohuwa maimakon kiɗa, in ce ku saurara har ƙarshe, har bayan inda kuke tsammanin an gama. Wadda ta fitar da numfashin mai magana a nan ƙasa, ita za ku saya, ko da abokanku sun ce ta yi kama da sabulu. Alƙali kuwa ba ta nan, kada ku nema. Da zai koma ƙarasa karatunsa na cire ta daga akwatin katakon, na yi mata ƙaramin gida mai batir da ramin memori, ya sa ta a jakar hannu.

Amma a ranar nan, kafin mu buɗe ƙofa, ya share fuska da hularsa ya ce, "Baba, mayar da shi baya kaɗan." Na mayar zuwa inda iska ta fara. Muka zauna muna jira, ta yi tambayarta, ta faɗi ruwan, ta faɗi zanan, ta yi shirunta. Da ta ce, "Haliru," sai ya gyara zama, ya sunkuyar da kai kamar yana durƙushe a ƙofar bukkarta.

Ya ce, "Na'am, Inna."